Ƙyallen Atamfa a Bayan Rauta

A Kafanchan, in intanet ya ɗauke a ofishin coci ko a ɗakin kwamfuta na wata makaranta, aka bincika aka ga matsalar a cikin gida take, sunan da ake fara ambata shi ne Gershon. Dogo ne siriri, ya haura hamsin, furfura ta fara cin gefen kansa. A kan tsohon babur yake yawo, jakar kayan aiki a rataye a kafaɗa, naɗin kebul a ɗaure a baya. Aikinsa rauta ne, wato ƙaramin akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke karɓo intanet ya rarraba wa kwamfutoci, da kuma igiyoyin da ake cusawa a bayansa. In ɓera ya ci su, ko laima ta lalata musu kai, ko tsufa ya kama su, Gershon ne zai zo ya cire ya sa sababbi.

Akwai abu guda da kowa ya sani game da shi, domin shi da kansa yake faɗa yana dariya: idonsa ba ya raba ja da kore, ba ya raba kore da ruwan ƙasa.

A kwatas ɗin reluwe aka haife shi. Babansa mutumin Fadan Kagoma ne, aikin juya layin dogo ya kawo shi gari. A wancan zamanin jirgi ne ke riƙe da Kafanchan. Na kudu da na Jos da na Kaduna duk a nan suke gamuwa, mata na bin tagogi da lemo da dafaffiyar gyaɗa. Tun yana yaro Gershon ba shi da buri sai tuƙin jirgi. Da ya gama sakandare ya nemi aikin, aka tura shi gwajin ido. Likita ya buɗe masa wani littafi cike da ɗigo-ɗigo masu launi, ya ce ya karanta lambar da ke ciki.

Gershon ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Likita, babu lamba a nan."

Likita ya juya shafi. Nan ma babu. Sai ya rufe littafin a hankali ya yi masa bayani, cewa wanda ba ya raba fitilar tsayawa da ta wucewa ba za a damƙa masa jirgi da rayukan mutane ba. Ranar Gershon ya fara sanin cewa duniyar da yake gani ba daidai take da ta sauran mutane ba. Ya koma gida ya kwanta, ya ƙi cin abinci. Babansa ya dawo daga aiki, ya zauna a bakin gado ya ce, "Tashi ka ci tuwo. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci."

Ya tashi ya ci. Daga baya ya shiga koyon gyaran rediyo a wani shago kusa da kasuwa, ya koma buga takardu da tafireta, da kwamfuta ta shigo gari kuma ya koye ta.

A ƙungiyar mawaƙa ta coci ya haɗu da Jacinta, 'yar Kwoi, tela. An fitar da anko na bikin Kirsimeti, aka ce kowa ya sayi koren yadi. Gershon ya je kasuwa shi kaɗai ya sayo nasa, ya kai shagonta ya ajiye a kan keken ɗinki. Ta ɗaga yadin ta dube shi, ta dubi Gershon.

"Ɗan'uwa, wannan na wace coci ne?"

"Namu mana. Na mawaƙa."

"Namu kore ne. Wannan kalar kunun gero ne da ya kwana."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma da ta ga bai taya ta ba sai ta bari. Ya gaya mata labarin likita da littafinsa. Ta rufe shago ta raka shi wurin mai yadi aka canja. Daga wannan rakiyar ce aka fara, har aka kai ga ɗaurin aure. Sun haifi biyu, Patrick da Faustina, shi ya sa a unguwa ba a kiransu sai Baban Patrick da Maman Patrick.

Lokacin da intanet ya fara isowa, Gershon na cikin waɗanda suka buɗe kafe, wato shagon intanet, a gari. An kafa masa faifan kama intanet a kan rufi, samari da 'yan mata na layi don duba sakamakon jarrabawa da aika saƙo. Wani injiniya daga Jos ne ya haɗa masa kayan, kuma kafin ya tafi ya nuna masa yadda ake yi wa kebul kai. Abin ba wuya a baki. In ka fere fatar kebul za ka tarar da siraran wayoyi takwas a murɗe bibbiyu. Ka warware su, ka jera su a jerin da aka tsara, ka daidaita bakinsu da almakashi, ka tura su cikin ɗan kan roba mai haske, ka matse da filaya. Sai dai jerin da launi ake gane shi: ruwan lemo, kore, shuɗi, ruwan ƙasa, kowanne da farin abokinsa mai ratsi. Shuɗin kaɗai Gershon yake ganewa ba tantama. Sauran ukun a idonsa 'yan uwa ɗaya ne.

Ya gwada shi kaɗai, duk wanda ya yi sai ya ƙi aiki. Ya tattaro su ya kawo gida ya zube a kan tabarma, rai a ɓace. Jacinta ta ajiye tsintar shinkafa ta ɗauki guda ta duba.

"Wannan ai zare ne," in ji ta. "Faɗa mini wanne ke bin wanne."

Ya karanta mata jerin daga takardar da injiniya ya bari. Yatsun da suka saba zura zare a allura ba su sha wahala ba. Ta jera, ta miƙa masa, ya matse. Ya sa a testa, wata 'yar na'ura mai fitilu takwas da ke nuna ko kowace waya ta kai inda ya kamata, fitilun suka kama ɗaya bayan ɗaya ba tsallake.

Tun daga nan aikin ya zama nasu su biyu. Da wayoyin hannu suka cika gari, kowa ya samu intanet a aljihunsa, kafe ya mutu a hankali. Gershon ya rufe, bai yi dogon baƙin ciki ba, domin a daidai lokacin makarantu da asibitoci da ofisoshin coci sun fara sa rauta, kuma ba su da mai kula musu. Ya riƙa zuwa ya auna tsawon da ake bukata, ya dawo gida ya yanka. Da la'asar, in Jacinta ta taso daga shago, sai su zauna a gindin mangwaron tsakar gida, ita tana jerawa shi yana matsewa, rediyo na yi a gefe. Har ta mai da jerin launukan waƙa, da muryar wani korus na Zumuntar Mata, tana rerawa ƙasa-ƙasa. Amma duk shekarun nan ba ta taɓa ganin inda igiyoyin ke zuwa ba. A ganinta aikin yana ƙarewa ne a lokacin da ya naɗe su ya sa a jaka.

Wata damina aka kira shi daga Kwoi. Madam Mildred ce, shugabar wata makarantar sakandare ta mishan a bakin gari. Ɓeraye sun samu ɗakin kwamfuta a rufe lokacin dogon hutu sun yi bikinsu, ga shi lokacin yi wa 'yan ajin ƙarshe rajistar jarrabawa ya matso. Gershon ya je ya duba, ya ga babu abin gyarawa, sai dai a canja duka. Ya auna ya dawo, suka yi aikinsu a gindin mangwaro.

Ranar Asabar da zai koma, Jacinta ta ce, "Baban Patrick, tunda Kwoi za ka, ka rage mini hanya. Na daɗe ban gai da Yaya Rufus ba." Rufus wanta ne, manomin citta. Ta ɗauko wata leda cike da ragowar ƙyallaye daga shago, wai za ta kai wa matarsa ta cusa a matashin kai.

Suka hau babur. Hanya ta yi kore shar, ko da yake shi sai dai a gaya masa. Sun wuce Fadan Kagoma ya rage gudu ya ɗaga wa mutanen garinsu hannu, daga nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ya ce bari su fara tsayawa a makaranta ya sauke kaya kada ruwa ya jiƙa su, sannan ya kai ta.

Madam Mildred ta tarbe su a baranda. Mace ce gajera mai kuzari, tabarau a rataye a wuya. Tun daga gaisuwa Gershon ya ga akwai magana a bakinta.

"Baban Patrick, ka yi haƙuri, na yi maka ɓarna," in ji ta. "Shekaranjiya ruwa ya yi mana yoyo daidai inda rauta take. Sai na sa aka ɗauke ta aka kai wancan bango. Ban tuna da awonka ba sai yau da safe."

Ya shiga ya duba. An mai da rautar can ƙarshen ɗaki, a kan wani kanta mai tsawo. Ya warware kebul guda daga cikin waɗanda suka zo da su, ya ja shi iyakar tsawonsa, ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Kaɗan ne za su kai, na kwamfutocin da ke kusa. Sauran duk sun yi gajarta. In da shi kaɗai ne, da sai ya sake awo ya koma Kafanchan, ya dawo wani mako. Ya juya ya dubi ƙofa. Jacinta na tsaye da ledarta, tana kallon jerin kwamfutoci. A waje ruwa ya fara sauka, naɗin kebul kuma yana baranda.

"Maman Patrick," ya ce, "Yaya Rufus zai iya jira?"

"Citta ba ta gudu," in ji ta, ta ajiye leda ta gyara ɗaurin zane.

Madam Mildred ta sa aka ja tebur kusa da taga saboda haske. Gershon ya bi bango yana auna sabon tsawo, yana yankawa, yana fere baki. Jacinta ta zauna tana jerawa, korus ɗinta na fita ƙasa-ƙasa. Madam ta tsaya a kanta ta ɗora tabarau a hanci, ta daɗe tana kallo, har ta ce a ba ta ta gwada guda. Wayoyin suka riƙa zame mata, ta jera wannan wancan ya tsallake. Jacinta ta kama mata yatsa ta nuna mata yadda ake danne su da babban yatsa a miƙar da su tukuna. A karo na uku ta samu, testa ta kama duka takwas, Madam ta ɗaga hannu sama ta ce, "Haleluya!" kamar 'yar makaranta.

Sai aka zo cire tsofaffin. Gershon bai taɓa yarda ya fizge su gaba ɗaya ba. Ɗaya zai cire, ya bi shi ya ga inda ya nufa, ya sa sabo a madadinsa, sannan ya taɓa na gaba. Ya hau benci ya juyo da bayan rautar, ga igiyoyi a cakuɗe kamar taliya, duk launi ɗaya, ƙura da kashin ɓera sun rufe su. Ya ce wa Jacinta ta tsaya can wajen kwamfutoci ta gaya masa wanda ya motsa.

"Na ja. Wanne?"

"Na kusa da taga."

"Wannan fa?"

"Ban ga komai ba. Sake ja. Yauwa, na firinta ne."

Da suka yi haka 'yan lokuta, ta zo ta tsaya a ƙarƙashin benci ta riƙe ƙugu.

"Haka kake fama kullum? To in ka sa sababbin, gobe ta yaya za ka gane wanne ne wanne?"

Ya nuna mata 'yar takarda mai gam da yake naɗawa a jikin kowane kebul ya rubuta lamba da biro. Ya kuma nuna mata na jikin tsofaffin, waɗanda wani ya sa tun farko: laima ta cinye rubutun, gam ɗin ya saki, wasu sun faɗi ƙasa.

Jacinta ta juya ta bar gindin benci. Ta je ta zazzage ledarta a kan tebur, ta zaro almakashi daga jaka. Ta riƙa zaɓen ƙyallaye, ba don launinsu ba, don zanen da ke jiki. Ga atamfa mai kifi, ga mai taurari, ga mai makulli, ga mai ganyen rogo, ga wata mai ƙananan laimomi. Kowane ƙyalle ta tsaga shi biyu, ta ɗaura rabi a wannan bakin kebul, rabi a wancan.

"Kifi dai ka san kifi," ta ce masa. "Ko kore ne ko ja, kifi ne."

Gershon ya riƙe bakin kebul mai kifi a hannu, ya hango ɗan'uwansa can a bayan firinta. Ya yi dariya har benci ya girgiza, Madam ta ce ya sauko kafin ya faɗo mata a makaranta.

Daga nan aiki ya yi sauri. Ya bi da kowane kebul ta gefen bango, ya kafe shi da 'yan ƙusoshi masu baki don kada ya ja ƙasa, ya cusa kai a raminsa a bayan rauta sai ya ji ƙas. Guda ɗaya ya ƙi. Testa ta tsallake fitila ta shida. Suka duba suka ga waya ɗaya ba ta kai ƙarshen kan roba ba, ya yanke, ta sake jerawa. Wani ramin kuma, da aka kunna daga baya, aka ga yoyon ya riga ya kashe shi, ko an cusa kebul fitilarsa ba ta kamawa, sai ya toshe shi ya koma na kusa da shi. Ruwan sama ya yi ya gaji ya tsaya. Aka tayar da janareta, aka kunna kwamfutoci, fitilun rauta suka fara ƙyaftawa a jere.

Madam Mildred ta zauna ta buɗe shafin rajista, ya buɗe ba gardama. Ta kira Jacinta ta ce, "Zo ki ga abin da zarenki yake ɗauka." Ta fara tura hotunan ɗalibai, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Jacinta ta ja kujera ta matso. Ba ta san yaran ba, ta bar Kwoi tun ba a haife su ba, amma ta san fuskokin.

"Wannan daga gidan mai ƙira ne na bayan kasuwa, dubi goshin. Wannan kuma, ai mamanta ajinmu ɗaya a firamare." Ta juya ta dubi kebul mai taurari da ya fito daga bayan kwamfutar, ta bi shi da ido har bango, har rauta. "Yanzu hoton yarinyar nan ta cikin wannan ya bi?"

"Ta nan ya bi," in ji Gershon.

"Har ina?"

"Har inda masu jarrabawa suke."

Ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa. Ta ɗan jima a zaune hannu a cinya tana kallon hotunan, shi kuma ya ci gaba da tattara guntayen waya daga ƙasa bai katse ta ba. Kafin su fita Madam ta riƙe hannayensu ta yi addu'a, ta gode wa Ubangiji har da yoyon rufi.

Sun isa gidan Rufus da yamma, aka kawo musu tuwon acca da miyar karkashi. Matarsa ta buɗe ledar ƙyallaye ta ga saura kaɗan, ta tambayi ina sauran, Jacinta ta ce suna makaranta suna karatu. Rufus ya zagaya da su gonar cittarsa, ya tona gindi guda ya nuna musu yadda ta fara yin 'ya'ya, yana murna, domin a shekarun baya cuta ta taɓa cinye masa gona. Ya ɗaura musu doya a bayan babur inda naɗin kebul yake ɗazu, suka kama hanya tun da sauran haske.

Bayan 'yan makonni Madam Mildred ta kira, firinta ta daina amsawa. Gershon na tsakar gida yana wanke babur.

"Madam, je ki bayan rauta ki nemi mai kifi."

"Na gan shi."

"Tura shi ciki sai kin ji ƙas."

Can ya ji firinta ta fara kuka ta cikin waya, Madam na dariya.

Yanzu duk inda ya yi aiki haka yake bari. In ka shiga wani ofishi a Kafanchan ko wani asibiti a ƙauye ka leƙa bayan rauta ka ga 'yan ƙyallaye na lilo, ka san wanda ya zo. Matan da ke kawo wa Jacinta ɗinki sun sani, har wata kan ce a ajiye ragowar nata don intanet. Idonta ya fara gajiya da siraran wayoyin, Faustina, wadda ke karatun jinya, ta kai ta aka yanka mata tabarau. Ranar Asabar kuma ba ta cika buɗe shago da safe ba. Makon jiya Zangon Kataf suka je, shagon Malam Yunusa mai maganin dabbobi, inda makiyaya ke cika baranda. Gershon na kan tsani yana kafe kebul, ita tana zaune a benci da matar mai shagon, tabarau a hanci, tana jera wayoyi, ƙwaryar fura da nono a tsakaninsu, suna musu a kan wuyan riga.